KAFIN KA SAYI PIYANO NA LANTARKI DOMIN GIDA

Yau zan ɗan kauce daga irin zancen da kuka saba ji daga bakina, saboda wata tambaya da ta yi ta zuwa wurina cikin watannin nan. Iyaye ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun tare ni a ƙofar majami'a suna cewa, "Baba Fasto, yaron nan ya hana mu barci da zancen piyano. Muna so mu saya masa na lantarki ya riƙa koyo a gida, amma wanne za mu saya?" Wata uwa ta ce mini shekara guda ta yi tana zubin adashe saboda wannan abu kaɗai. Da na ji haka sai na ga maganar ta wuce a amsa ta a tsaye. Kuɗin da ake kashewa a nan ya isa kuɗin makarantar yaro, kuma wanda ya saya ba daidai ba da wuya ya sami halin sayen na biyu.

Ni ba gwanin kiɗa ba ne. Ɗan abin da na iya na koye shi ne a makarantar tauhidi, inda aka tilasta mana mu iya bin waƙa da hannu biyu ko da a hankali. Sauran kuwa na koye shi ta wurin asarar kuɗina, kuma da wannan zan fara.

Shekarun baya na shiga wani kanti domin in saya wa 'yata abin koyo. Mai kantin ya jawo wani kibod mai fitilu ja da kore, ya danna wuri ɗaya, sai abin ya kama kiɗa shi kaɗai, ga ganga, ga kakaki, ga sarewa. Ya ce, "Baba, muryoyi ɗari-ɗari ne a cikinsa, da shi kamar ka sayi ƙungiyar makaɗa ne gaba ɗaya." Na biya, na ɗauko shi ina murna. Yarinyar ta yi shekara biyu a kansa, ta kuwa yi ƙoƙari ƙwarai. Ran nan muka je wani taro inda akwai piyano na ainihi, mai tsirkiya, aka ce ta zo ta bi mawaƙa. Ta zauna, ta sa hannu, sai rabin muryoyin suka ƙi fita. Yatsan zobe da ɗan ƙaramin yatsa ba su iya kai madanni ƙasa ba. Inda mawaƙa suka sassauta murya ita ba ta san yadda za ta sassauta ba, gama kibod ɗinmu na gida ko ka shafa shi ko ka doke shi ƙara ɗaya yake bayarwa. A hanya ta ce mini, "Baba, wancan ya fi ƙarfina." Ba laifinta ba ne. Ni ne na saya da kunnena, alhali yatsunta ne za su zauna da abin.

Domin ku gane abin da ya faru, sai mu leƙa cikin piyano na ainihi. A cikinsa akwai tsirkiyoyi na ƙarfe wajen 230, an ɗaure su tam a jikin wani babban ƙarfe, jan da suke yi duka ya kai tan 18 zuwa 20. Kowane madanni da kake gani a waje dogon itace ne da ya shige ciki. Sa'ad da ka danna wannan kai, wancan kan yakan harba wata 'yar guduma da aka lulluɓe da matsattsen gashin tumaki, ta bugi tsirkiya ta koma. In ka danna a hankali gudumar takan tafi a hankali, murya ta fito siririya. In ka danna da sauri ta buga da ƙarfi, murya ta cika ɗaki. Watau yatsanka ne yake ɗaga gudumar, shi ya sa madannin yake da nauyi, wajen giram 50 kafin ya fara sauka. Gudumomin gefen hagu, masu bugun tsirkiyoyi masu kauri, sun fi na dama girma, saboda haka hagu ya fi dama nauyi.

Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro wannan dabara a birnin Filorans wajen shekara ta 1700, kuma guda 3 daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yau a gidajen tarihi. Yawancin kayan kiɗa masu madannai da ake da su kafin shi, irin wanda yake tsinkar tsirkiya da kuma ogan mai iska, ba su damu da nauyin hannu ba. Sunan da aka ba sabon abin a harshensu ya haɗa kalmomi biyu, "piyano" watau a hankali, da "forte" watau da ƙarfi. To, kun gani, kayan kiɗan da ba ya bambanta taɓawa mai laushi da mai ƙarfi ya rasa ainihin abin da ya sa aka raɗa wa piyano suna.

Wani zai ce, me ya hana a nemi na ainihin? Ban da tsada, ƙasarmu ba ta yi masa daɗi. Mai tsayi irin na gida yakan kai kilo 200 ko fiye. Cikinsa itace ne da manne da gashi, yana son iska mai matsakaicin laima. Mu kuwa da hunturu iska takan bushe ƙayau har katako ya tsage, da damina kuma ya sha laima ya kumbura. Kowane juyi na yanayi yakan sassauta tsirkiyoyi, sai an nemo mai gyaran murya sau ɗaya ko biyu a shekara, masu wannan sana'a kuwa ba su da yawa a wajenmu. Na ga irin waɗannan piyano a tsofaffin tashoshin mishan sun koma teburin ajiye littattafai, ɓeraye sun yi sheƙa a ciki. Ga yawancin gidajenmu na lantarki shi ne daidai, ba kuwa abin kunya ba ne.

Shi na lantarki ba tsirkiya a cikinsa ko ɗaya. Masu ƙera shi sukan sami babban piyano mai kyau, su ɗauki muryar madannansa da na'ura, a bugu mai laushi da matsakaici da mai ƙarfi, su adana a cikin ƙwaƙwalwar na lantarkin. Ƙarƙashin kowane madanni kuma akwai 'yan robobi biyu ko uku da suke taɓa wani allo ɗaya bayan ɗaya sa'ad da madannin yake sauka. Na'urar takan auna ɗan lokacin da ke tsakanin taɓawar farko da ta biyu, ta haka take sanin saurin yatsanka, sa'an nan ta fitar da muryar da ta dace ta lasifika. Ku riƙe zancen robobin nan, za mu komo kansa in mun zo maganar ƙura. Kamfanin Yamaha ya fito da nasa na gida mai suna Clavinova a 1983, daga nan sauran suka yi ta gasa. Tun da shi ke ba tsirkiyar da za ta saki, muryarsa ba ta kaucewa ko ya shekara goma.

Yanzu ga zuciyar maganar. Madannan da za ka tarar a kasuwa iri uku ne, a ido kuwa duk kamarsu ɗaya. Na farko shi ne irin wanda na saya, sifirin ne kawai a ƙarƙashi, ba ya jin nauyin hannu sam. Wannan abin wasa ne, kada ka ba mai koyo, ko da an rubuta sunan babban kamfani a jikinsa. Na biyu shi ma sifirin ne, ba nauyi, amma yana jin hannu: ka taɓa a hankali ya amsa a hankali, ka buga ya ɗaga murya. A kwalinsa akan rubuta Touch Response ko wata kalma mai kama da ita. Na uku shi ne wanda aka sa wa kowane madanni ɗan ƙarfe mai lilo a ciki, yana kwaikwayon gudumar piyano na ainihi, hagu ya fi dama nauyi kamar yadda na faɗa. A kwalinsa za ka ga Hammer Action. Wannan na ukun shi ne ake nufi in an ce piyano na lantarki, sauran biyun kibod ne.

Kada ka dogara ga rubutun kwali kaɗai, ko ga bakin mai sayarwa. Ka ce a kashe wutar abin, ka danna madanni ɗaya a hankali. Mai sifirin yakan yi ta ture yatsanka, turawar tana ƙaruwa yayin da kake sauka, kamar kana matsa katifa. Mai guduma kuwa yakan ɗan yi tauri da fari, sa'an nan ya faɗa, ka ji wani abu ya motsa a ciki, in ka saki ya komo da ɗan rawa. In ka taɓa su biyun sau ɗaya a jere ba za a ƙara ruɗinka ba. Sa'an nan a kunna, ka buga madanni ɗaya sau biyar, kowane bugu ya fi na baya ƙarfi kaɗan. Ya kamata kunnenka ya ji hawa biyar daban-daban. In ka ji biyu kawai, ko ɗaya, ka yi gaba.

Me ya sa na nace a kan nauyi? Domin yatsa yana koyon abin da ya saba da shi ne. Yaron da ya tashi a kan madannai masu nauyi, in ka ba shi mara nauyi zai sarrafa shi cikin kwana ɗaya. Wanda ya tashi a kan mara nauyi kuwa sai ya yi watanni yana sake koyon abin da yake tsammani ya riga ya iya, wani ma a nan zuciyarsa take karyewa ya bari. Nauyin kuma shi yake ba mutum iko ya yi kiɗa a hankali. Kowa ya iya buga da ƙarfi. Abin da yake da wuya shi ne a bi muryar mai waƙa ɗaya ba tare da an danne ta ba, ko a fito da muryar sama fiye da sauran ukun da hannu ɗaya.

Sai yawan madannai. Cikakken piyano yana da 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Ku da kuka yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa kun san daga "do" zuwa "do" na gaba hawa ɗaya ne. To, 88 ɗin nan hawa bakwai ne da 'yan kai. Kibod da aka fi sani yana da 61, watau hawa biyar, akwai kuma mai 76. A nan zan faɗi gaskiya ko da ta rage wa maganata ƙarfi. Waƙoƙin sujada masu murya huɗu, daga mafi zurfin muryar maza zuwa mafi tsinin muryar mata, ba su cika wuce hawa uku da rabi ba, duk suna shiga cikin 61 har da saura. Saboda haka dattijo ko uwa da take so ta riƙa bin waƙa da yamma tare da iyali, ba ta da niyyar zama makaɗiya, kibod mai 61 da yake jin hannu ya ishe ta, kada kowa ya sa ta cin bashi. Amma yaro ɗan shekara takwas ko goma da ya nuna yana so da gaske, wanda za a nema wa malami, ya koyi karatun rubutun kiɗa, shi 88 masu nauyi ne nasa. Mai nauyi mafi araha yakan ninka kibod mai kyau sau biyu ko uku a kuɗi. In kuɗin bai kai ba, a ganina gara a ƙara wata shida ana tari, yaron yana zuwa koyo inda akwai, da a yi gaggawa a sayi abin da zai gaji da shi cikin shekara.

Mutane sukan so a kira musu suna, to bari in kira kaɗan, ba don wani ya biya ni ba. A cikin masu 88 da nauyi na matakin farko akwai Yamaha P-45 wanda ya fito a 2015, da magajinsa P-145 na 2023. Akwai Roland FP-10 na 2019, wanda madannansa suka ɗan fi na sauran nauyi a hannuna. Akwai Casio CDP-S110, da Kawai ES120 wanda ya ɗara su kuɗi. Dukansu tsawonsu wajen santimita 130 ne, nauyinsu kuma tsakanin kilo 10 da 13, mutum ɗaya yana iya ɗauka. A cikin masu 61, Yamaha PSR-E373 da Casio CT-S300 suna jin hannu, amma ƙannensu PSR-E273 da CT-S200 ba sa ji, ga shi kuwa lamba ɗaya ce ta raba sunayen. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Kamfanonin nan huɗu duk na Japan ne, amma yawancin kayansu masu araha a ƙasar Sin ko Indunusiya ko Maleshiya ake harhaɗa su, don haka ganin sunan waɗannan ƙasashe a bayan abin ba ya nuna jabu ne. Abin da za ka duba shi ne rubutun sunan kamfani harafi-harafi, gama akwai masu sauya harafi ɗaya su kwaikwayi sauran, da kuma lambar da aka buga a ƙarƙashinsa, ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti.

Akwai kuma masu jikin katako da suke tsaye kamar kabad, irin su Arius da Clavinova na Yamaha, ko Celviano na Casio. Suna da kyan gani a falo, lasifikarsu ta fi girma, suna da feda uku da murfin da yake rufe madannai. Amma sun haura kilo 35, katakonsu kuma na garin itace ne da aka matse, ba ya shiri da ruwa. Mai zaman gidan haya, ko ma'aikacin da ake yi wa canjin wuri kamar mu, gara ya ɗauki mara kabad ya sa masa ƙafa mai ƙarfi.

Zancen yawan muryoyi kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. P-45 muryoyi 10 kaɗai gare shi, PSR-E373 yana da 622, amma na farkon ya fi tsada, gama kuɗin ya tafi cikin madannai. Mai koyo murya ɗaya yake bukata mai kyau, sai ko ta ogan domin waƙoƙin sujada. Lambar da ta fi amfani ita ce ta yawan sautin da abin yake iya riƙewa a lokaci guda. Za ka ce yatsu goma ne, me za a yi da fiye da goma? Amma in ka taka feda, duk abin da ka buga yakan ci gaba da amo, sabo yana hawa kan tsoho, in kuma ka haɗa murya biyu lissafin ya ninka. Sa'ad da ma'aunin ya cika, na'urar takan yanke sautin farko domin ta ba na baya wuri. Mai 64 ya ishi mai koyo shekaru da yawa. FP-10 yana da 96, ES120 yana da 192, amma kada ka ƙara kuɗi saboda wannan kaɗai.

Bari in ɗan ratse in yi wa matasanmu magana, tun da zancen ya kawo mu nan. Kibod yana da wuri da ake dannawa ganga da sauran kayan kiɗa su biyo ka, kai kuwa yatsa ɗaya kake sawa a hagu. Iyaye sukan ji daga ɗaki su ce yaro ya ƙware, alhali na'ura ce take aikin. Akwai kuma tiransifos, wanda yake ɗaga murya ko ya saukar da ita ba tare da ka sauya inda yatsunka suke ba. An yi shi domin taimako, amma na san samari da suka shekara biyar suna kiɗa a majami'a, a maɓalli ɗaya tak suka iya, kowace waƙa sai su lalubi tiransifos. Ran da mai jagora ya ɗauki waƙa ba shiri, sai ka ji ana ta laluben murya jama'a suna jira. Maɓallan kiɗa 12 ne, mai koyo a gida ya bi su ɗaya-ɗaya. Piyano mara tarkace da yawa yana taimako a nan, gama ba abin da yaro zai yi wasa da shi sai madannan.

Feda ba ado ba ce. Ta dama, mai riƙe amo, ita ce ake bukata tun shekarar farko, sauran biyun sai an yi nisa. Yawancin masu araha sukan zo da wata 'yar feda mai kama da akwatin ashana wadda take gudu a kan siminti, in da hali a sayi mai siffar ta ainihi. Ka sani kuma fedar wani kamfani takan yi aiki a juye a jikin na wani, watau ta riƙe amo sa'ad da ka ɗaga ƙafa ta saki sa'ad da ka taka. Akwai masu ɗan makunni a ƙasa da yake gyara wannan. Kada kuma a taka feda lokacin da ake kunna abin, shi ma yakan jawo wannan juyi. Sai abin sawa a kunne, wanda yake ba yaro dama ya yi koyo da asuba ko da dare ba tare da maƙwabta sun yi ƙara ba. A sayi mai waya, gama mara waya yakan jinkirta sauti kaɗan, yatsa ya buga kunne ya ji daga baya, wannan kuwa yana ɓata koyo. Iyaye su riƙa lura kada yaro ya ƙure ƙara a kunnensa.

Yanzu maganar wuta, wadda takardun kamfani ba su san irin tamu ba. Abin farin ciki shi ne waɗannan marasa kabad ba su da ci, ba su kai wat 20 ba, ƙaramin sola na gida da inbata yana ɗaukarsu. Wasu ma suna aiki da batir: CDP-S110 da PSR-E373 kowanne yana cin ƙananan batir 6 irin na rediyo, P-45 da FP-10 kuwa sai da wuta. Wanda yake ƙauye ko unguwar da wuta take kwana uku ba ta zo ba, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawara, gama piyano mai kyau da ba ya kunnuwa bai fi benci ba. Abin da yake kashe su shi ne wutar da take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka, da tsawa. A sa sitabilaiza, a zare waya daga bango in an gama, a zare kuma in hadari ya taso.

Adafta ita ce inda na ga an fi yin asara. Wutarmu volt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan tokumbo da ya fito daga can yakan zo da adaftar ƙasarsa, in ba a karanta abin da aka rubuta a jikinta ba aka soka a bango, sai hayaƙi. In kuma ta ɓace, kada a ɗauko kowace adafta don bakinta ya shiga ramin. Wani piyano volt 12 yake ci, wani 9, kuma wasu an juya musu tsakiya da gefe, ƙarfin da ya kamata ya bi ta tsakiya yana bi ta gefe. Akwai ɗan zane kusa da ramin da yake nuna wannan, a kai wa mai gyaran rediyo ya duba kafin a kunna.

Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma tsohon mai nauyi ya fi sabon mara nauyi a kuɗi ɗaya. Sai dai kada kunya ta hana ka gwaji. Ka tafi da wanda ya iya kiɗa, ka ba shi kuɗin mota. Ku bi madannan duka daga hagu zuwa dama, farare da baƙaƙe, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da ƙarfi. Kuna neman wanda ya yi shiru, da wanda yake ihu ko an taɓa shi a hankali, da wanda yake makalewa a ƙasa, da wanda yake ƙwas-ƙwas fiye da 'yan'uwansa. Ku fi mai da hankali ga na tsakiya, gama su suka fi shan aiki. Ku ƙure ƙara ku ji ko lasifika tana kaɗawa, ku gwada ramin feda da na abin kunne, ku buɗe gidan batir ku ga ko ya yi tsatsa. Ku bar shi a kunne kamar minti 20, akwai masu lafiya da fari su rikice in sun ɗumama. Mai sayarwa da ya ce ba wuta a kanti, ka kai gida ka gwada, ka ce masa za ka dawo ran da akwai. A karɓi rasit da lambar abin a rubuce.

Na ce za mu komo kan robobin nan na ƙarƙashin madannai. Ƙurar hunturu takan bi ta tsakanin madannai ta kwanta a kansu. In ta toshe taɓawa ɗaya, na'urar ba ta iya auna saurin yatsa, sai madannin ya riƙa ihu kullum ko ya yi shiru ɗungum. Mai gyara da ya san aikin yana iya buɗewa ya share, amma rigakafin yadi ne kawai. A kai wa tela awon, ya ɗinka murfi mai kauri da zai sauko har gefe. Kada a ci abinci a kansa, gama ɓarɓashi yana kiran tururuwa da kyankyasai, su kuwa suna son ɗumin ciki. A goge madannai da tsumma mai ɗan danshi, ban da fetur ko kananzir. Zafi ma abokin gaba ne. Kada a bar shi jikin taga inda rana take duka, ko cikin mota a rufe da bazara, robar takan lanƙwashe.

Wurin zama kuma a lura da shi. Saman madannai ya kasance wajen santimita 72 zuwa 75 daga ƙasa, mai kiɗa ya zauna yadda hannunsa daga gwiwa zuwa wuyan hannu zai miƙe daidai da madannan, ba yana miƙa hannu sama kamar mai shanya ba. Ƙaramin yaro a ƙara masa matashi, a sa masa ɗan akwati ƙarƙashin ƙafa. Ɗora piyano a kan gado ko a cinya yana ɓata zaman hannu, gyaransa kuwa yana da wuya daga baya.

Wancan kibod na farko, saboda tsoron ƙura da 'yan baƙi, a cikin kwalinsa muke ajiye shi ƙarƙashin gado, sai ran Asabar a jawo a haɗa wayoyi. Sau da yawa Asabar ɗin takan wuce ba a jawo ba. Wanda muka saya daga baya, mai 88, na hannu ne, madanni ɗaya can ƙarshen dama ya ɗan dushe. Mun kafa shi a falo jikin bangon da rana ba ta kaiwa, da murfin da uwargida ta ɗinka masa daga ragowar labule. Mai so ya yaye yadin ya zauna, ko minti goma ne kafin tuwo ya nuna.